Guɗar Inna a Layi na Bakwai

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira yayarku." In mu biyu ne kawai a ɗaki sai ta ce "ke", ko ta yi gyaran murya. A garinsu can ƙasar Kano haka ake yi. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta ambatar sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko ciwo yake yi ba ta nuna ta fi kowa damuwa. Amma a can akwai kaka ko gwaggo da za ta janye yaron ta rungume, ta biya shi abin da uwa ta hana shi. Mu kuwa a Makka aka haife mu, a wani tsohon bene a unguwar Mansur. Inna ta zo aikin Hajji tana budurwa, ta zauna, ta auri Baba, ta riƙe kunyar nan kamar yadda aka koya mata. Kakarmu kuma a hoto kawai muka san ta.

Na tashi ina ganin iyayen ƙawayena suna zuwa ɗaukarsu a makaranta, a rungume juna ana "ya albi, ya ruhi", wato zuciyata, raina, kamar an shekara ba a haɗu ba, alhali da safe aka rabu. Ranar da na zo ta ɗaya a aji, da gudu na kawo takardar gida. Inna tana juya masa a tanda, don sana'arta ke nan tun rasuwar Baba. Ta dubi takardar ta wutsiyar ido ta ce, "To, ajiye ta can kada mai ya taɓa." Da autarmu ta zo ta goma sha biyu kuwa har kaza aka soya mata. Na san al'ada ce, an gaya mini ya fi a ƙirga. Maƙwabta ma sun sha ce mini in ba na nan Inna ba ta da zance sai nawa. Sai dai ni ba a bayan idona nake so ba. Abu guda na riƙe a raina shekara da shekaru: ko sau ɗaya ne, Inna ta nuna a gaban jama'a cewa ni tata ce, kuma ta ji daɗina.

Sai da na kusa shekara talatin, ina aiki a wani kantin magani a unguwar Utaibiyya, sannan na san wasan bolin. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni wani babban kanti da ke da ɗakin wasan a hawa na sama, inda aka ware wa mata yammacin Asabar. Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ƙwallo ce mai nauyi mai huda uku, ki zura yatsunki, ki taka taku huɗu a kan dandamalin katako, ki gangara ta a dogon layi mai santsi. A ƙarshen layin kwalabe goma ne a tsaye. Hagu da dama kwata ce, in ƙwallo ta faɗa ciki kin tashi a tutar babu. In kuwa kin kwashe goman da jifa ɗaya, allon da ke sama ya kama rawa da walƙiya. Hannuna ya saba da ɗaukar tukunyar ƙullu tun ina ƙarama, saboda haka nauyin ƙwallon bai dame ni ba. Cikin wata uku aka saka ni a ƙungiya, mu huɗu, muka shiga gasar da ake yi duk mako.

A ranar farko ta gasa na sha kunya. Ƙungiya biyu ke raba layi biyu da ke manne da juna, kowa tana jifa kusa da abokiyar karawarta. Da na ga sunana ya haska a allo, ban duba hagu ba ban duba dama ba, na sunkuci ƙwallo na haye dandamali. Ashe matar da ke damana ta riga ta tsaya, ta ɗaga ƙwallo daidai ƙirjinta tana auna kwalabe. Da ta gan ni na wuce ta fuu, sai ta sauke ƙwallon ta koma baya. Sai wata ƙawarta a kujera ta karkata ta ce wa ta kusa da ita da Larabci, a hankali amma yadda zan ji, wai takaru, wato mu baƙaƙe 'yan asalin Afirka, ko a ina suke ba su san jiran layi ba. A garin nan aka haife ni, Larabcina ya fi Hausata kaifi, amma kalmar nan ta same ni inda ta saba samuna. Na gama wasan ranar kunnuwana suna zafi.

Shugabar ƙungiyarmu wata malamar lissafi ce mai sanyin hali. Ta zaunar da ni bayan an tashi, ta saya mini shayi, ta ce ba laifina ba ne tunda ba a gaya mini ba. Ta ce kafin in hau dandamali in dubi layin hagu da na dama, in akwai wadda ta riga ta tsaya, in jira a ƙasa har ƙwallo ta bar hannunta. In mun taso tare, ta dama ce ke farawa. Idan mutum ya tsaya zai jefa, ba magana, ba tafi, ba tsayawa inda zai hango ki ta gefen ido. In kin jefa taki kuma ki sauko, kada ki tsaya kina rawar murna a gaban wata. Ta ɗaga takalminta na wasa ta nuna mini ƙasansa mai sulɓi, ta ce da shi ake zamewa a takun ƙarshe, shi ya sa ba a hawa katakon da takalmin waje. Ɗigon ruwa ɗaya in ya taɓa wurin, ƙafa za ta cije, mutum ya kife da ƙwallo a hannu. Ta ce ta taɓa ganin wadda ta karya wuyan hannu a haka.

Na haddace maganarta kamar karatun allo. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ban tsaya a gudun ba ma, na zama mai gadin tsumman. Na rantse a raina ba za a sake samun bakin cewa takaru ba su san layi ba, ko da ni kaɗai ce baƙar fata a ɗakin. Duk wadda ta taka doka ni ce farkon mai tanka mata. Wata yarinya 'yar jami'a ta tsaya ɗaukar hoton kanta a kan dandamali, na yi mata tatas har ta yi hawaye. Wata ta kawo kofin lemo kusa da inda ƙwallo ke dawowa, na ɗauke na kai mata can baya ban ce mata ko sannu ba. Ba a jima ba suka raɗa mini suna Askariya, wato soja. Suna faɗa da tsokana, ni kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda ya kamata. Ina da zafin rai, wannan ba sai an gaya mini ba, ga shi kuma na samu inda zafin ran ya zama abin yabo.

Na sha gayyatar Inna ta zo ta gani. Kullum amsarta ɗaya, kuma ba ni take ba wa ba, auta take kallo ta ce, "Mace da girmanta ta tafi jifan kwalba. Da turmi aka ba ta ta daka ai da an ga amfanin ƙarfin." Mu yi dariya, a bar zancen. Saboda na tabbata ba za ta zo ba, ban taɓa zama na gaya mata ko ɗaya daga dokokin nan ba. Abin da na haddace har ina hukunta 'ya'yan mutane a kansa, ban taɓa furta shi a gidanmu ba.

A shekarata ta biyu muka kai wasan ƙarshe na gasar. Ƙungiyar da ta ci ita za ta je babbar gasa a Jidda. Aka tsayar da wasan share fage aka tafi sallar La'asar a masallacin kantin, muka dawo muka sa takalma. Ina goge ƙwallona na ɗaga kai, sai ga auta ta shigo, Inna na biye da ita. Ta sa baƙar abayarta ta zuwa Harami, wadda ba ta fitowa da ita sai da dalili, hannunta riƙe da kular masa a cikin leda. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙifta ido saboda fitilu da ƙarar kwalabe. Auta ta gaya mini daga baya cewa tun da safe Inna ta rufe tanda da wuri, ta ce yau dai za ta je ta ga wannan shirme da idonta.

Akwai kusan minti biyar kafin a fara. Na sha komawa kan mintunan nan. Da na taka na je na durƙusa na gaishe ta, na karɓi kular, na zaunar da ita na ce, "Inna, in kin ga mutum ya tsaya da ƙwallo a yi shiru, kuma katakon can ba a hawa," da shi ke nan. Magana ce da ba ta kai tsawon Fatiha ba. Amma gabana yana faɗuwa saboda wasan, kuma gaskiyar da ba na son faɗa ita ce, na dubi ledar hannunta da silifas ɗin ƙafarta, na dubi matan da ke zaune da jakunkunansu masu tsada, sai na ɗaga mata hannu daga nesa kawai. Auta ta kai ta kujerun 'yan kallo, a bayan inda 'yan wasa ke zama.

Muna layi na bakwai da na takwas. Wadda aka haɗa ni da ita likitar haƙori ce, dattijuwa, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, kuma duk gasar ba wadda ta kai ta hannu. Wasa ya yi zafi, mu wuce su su wuce mu. A zagaye na bakwai na kwashe goma. A na takwas na sake. Da aka zo na tara ina layi na bakwai, ita tana damana. Ta ga na riga ta shiryawa, ta yi mini alama da kai in wuce. Na hau, na taka huɗu, na saki. Tun ƙwallon tana tsakiyar layi na san ta tafi daidai. Goman suka zube, sau uku ke nan a jere, abin da ban taɓa yi a gasa ba. Na danne murnata kamar yadda aka koya mini, na juyo zan sauka don in ba likita fili. Ita kuma ta hau, ta ɗaga ƙwallo, ɗakin ya yi tsit.

Inna ba ta gane abin da ya faru nan take ba. Sai da allo ya kama walƙiya, auta ta raɗa mata a kunne cewa abin da yaya ta yi ba kowa ke yin sa ba. Wannan ɗan jinkirin shi ya jawo komai. Likita tana taku na uku, hannunta ya tafi baya da ƙwallo, sai guɗa ta tashi.

Ban taɓa sanin Inna ta iya guɗa haka ba. Doguwa, siririya, ta cika ɗakin har ta danne kiɗan da ke tashi a lasifika. Likita ta zabura, kafaɗarta ta karkace, ƙwallon ta bar hannunta a gicciye ta faɗa kwata tun kafin rabin layi. Kafin in gama saukowa Inna ta taso daga kujerarta, ta ratsa ta tsakiyar 'yan wasa, ta ɗora ƙafa a kan katako. Silifas ɗinta da sauran danshin alwala. Ta miƙo hannu biyu tana zuwa wajena, fuskarta a buɗe, bakinta yana motsi tana faɗin wani abu da ban tsaya na ji ba.

Abin da na ji kawai shi ne shirun mutane. Layi goma sha biyu duk an tsaya ana kallonmu. Na hango matar nan da ta yi maganar takaru a ranata ta farko, tana layi na huɗu, ta dafe baki. Jinina ya hau kaina. Na ɗaga hannu na tare Inna kamar yadda ake tare mota, na ce da ƙarfi, da Larabci, "Ya hajja, inzili. Mamnu'." Wato Hajiya sauka, an hana. Haka ake ce wa baƙuwar tsohuwa da ta ɓata hanya ta shiga inda bai kamata ba. Ban ce Inna ba. Kuma da na ga ta tsaya hannuwanta a miƙe ba ta gane ba, sai na matsa kusa na ƙara da Hausa, ƙasa-ƙasa, ina cije haƙora, "Nan ba gidan biki ba ne. Wa ma ya ce ki zo?"

Hannuwanta suka sauka a hankali. Ta dubi ƙafarta, ta dubi katakon, ta ja da baya taku biyu ta sauka. Ma'aikaciyar ɗakin ta zo da tsumma ta durƙusa tana goge sawun ƙafa biyu da suka fito sarai a kan katakon. Inna ta tsaya tana kallon yadda ake goge su.

Likita ta zo inda muke. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta riga ni. Ta nuna Inna ta tambaye ni, "Ummuki?" Mahaifiyarki ce? Na gyaɗa kai, amma sai da na ɗan yi jim, kuma na san Inna ta ga jim ɗin. Likita ta kama kan Inna da hannu biyu ta sumbaci goshinta yadda mutanen nan ke yi wa manya, ta ce, "Ma'alesh ya hala, ba komai. Da tawa uwar tana da rai, da na yarda ta jefa mini ƙwallo goma a kwata." Ta ce in fassara mata. Na kasa, auta ce ta fassara. Shugabarmu ta ce a roƙi alƙaliyar wasa a bar likita ta sake jifa. Likita ta ce a'a, ƙwallo ta riga ta bar hannu, doka ta ce an ƙirga, a ci gaba. Ma'aikaciya ta gwada katakon da tafin hannu ta ce ya bushe.

Da na sake waiwayawa kujerar Inna ba kowa, sai kular masa a kai. Mun ci wasan da tazara kaɗan, tazarar da ba ta kai abin da jifan kwatar nan ya jawo wa likita ba, kuma kowa a ɗakin ya iya wannan lissafin. 'Yan ƙungiyarmu da na likita suka buɗe kular suka cinye masar tas suna santi, ana tambayata da me ake yin ta. Na fito na samu Inna a kan benci kusa da matakala mai tafiya da kanta, ta haɗa hannuwa a cinya tana kallon masu hawa da sauka. Muka shiga mota muka koma Mansur.

Washegari da hantsi auta ta same ni ina shirin fita aiki. Har lokacin ina kare kaina a zuciya, ina cewa ai da likita ta taka danshin nan ta karye fa, ai doka doka ce. Na fara jera mata wannan, ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Yaya, kin ji abin da take faɗa kuwa da ta hau wurin?"

Na ce ban ji ba.

Ta ce, "Sunanki take kira. Sau biyu ta faɗa. Wallahi ni ma ban taɓa jin sa a bakinta ba sai jiya."

Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa. Abin da na shekara talatin ina jira ya zo, a gaban mutane fiye da yadda na taɓa roƙa, da guɗa, da hannu biyu a miƙe, ni kuma na tare shi da tafin hannu na ce an hana. Ko jin sa ban yi ba. Har yau ban san yadda sunana yake fita a bakin mahaifiyata ba, sai dai a ba ni labari.

Ban je aiki ba ranar. Na same ta a gaban tanda, na durƙusa na ce ta yafe mini. Ba ta daina juya masa ba. Ta ce, "Ba komai. Baƙo ko da ido makaho ne. Ni ce na shiga wurin mutane ban tambayi yadda suke yi ba." Na ce ba laifinta ba ne, nawa ne da ban gaya mata ba, kuma maganar da na faɗa ba ta da kyau. Ta ce, "Na ce ba komai. Tashi kada hayaƙi ya kama miki kaya." Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san ba komai iri biyu ce, akwai wadda ake faɗa a wuce, akwai wadda ake faɗa a rufe ƙofa. Ba ta yi fushi ba, ba ta canja mini fuska ba, abincina yana nan a rufe kullum in na dawo. Ta koma yadda take a da ne kawai, ta ƙara taku ɗaya baya. Magana zarar bunu ce, na zare tawa kuma ba ta komuwa.

Mun je Jidda, aka fitar da mu tun zagayen farko, ban ma damu ba. Da aka dawo gasar mako-mako na nemi likita na ba ta haƙurin da ban samu na ba ta ba. Muna zaune muna ɗaura takalmi ta ce ita ta manta da ƙwallon, abin da ba ta manta ba fuskar tsohuwar ce. Ta ce, "Kin san me ya sa ake duba hagu da dama kafin a hau? Don ki ga mutumin da ke kusa da ke. Ba don katako aka yi dokar ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ɗaure igiyar takalminta ne ma. Na ji haushinta na kwana biyu saboda ta yi gaskiya. Daga nan na rage tanka wa mutane. In sabuwa ta zo, nakan je tun kafin a fara in zauna kusa da ita in gaya mata yadda ake yi, da murya ƙasa. Sunan Askariya dai ya bi ni, har yanzu da shi suke kirana.

Na yi ta roƙon Inna ta sake zuwa. Ta ce ƙafa, ta ce ƙullu, ta ce zafi. Lokacin Hajji ya zo ta tafi Mina dafa wa alhazai abinci kamar yadda ta saba, ta dawo ta ce gajiya. Sai da shekara ta zagayo muka sake kai wasan ƙarshe, sannan auta ta shawo kanta. Ashe a cikin makon ta sa auta ta zauna ta karanta mata dokokin ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa. Ranar ta zo da wani takalmi sabo a leda, busasshe, ta canja a bakin ƙofa bayan alwala, ko da yake ba inda za ta taka sai kafet. Wannan karon na je da gudu na durƙusa na gaishe ta a gaban kowa, na kama hannunta na zagaya da ita ina cewa, "Ummi ce, mahaifiyata." Ta amsa gaisuwar kowa da fara'a. Na nuna mata kujerar gaba, ta ce ta baya ta fi mata.

Ni ce mai jifan ƙarshe a ƙungiyarmu, kuma wasanmu ya ja har sauran layuka suka gama. Da na hau dandamali a zagaye na goma ba kowa a hagu, ba kowa a dama, abokiyar karawata ma ta gama nata ta zauna. Na jefa na kwashe goma. Na sake, na kwashe. Na uku ma haka. 'Yan ƙungiyarmu suka tashi da ihu da tafi, don a lokacin ba wanda za a dama wa lissafi, kowa yana da ikon yin abin da ya ga dama. Ban sauka ba. Na tsaya a kan katakon na juya ina kallon kujerar baya, na ƙi motsi, ina jira. Inna tana zaune, hannuwanta a cikin abaya, ta tamke leɓɓanta kamar mai riƙe ruwa a baki. Idonta yana kaina. Na ga ta dubi layin hagu, ta dubi na dama, ta sake dubana, ba ta ce komai ba.

A hanyar gida ni ke tuƙi, auta a gefena da kofin da aka ba mu a cinyarta, Inna a baya. Mun kusa shiga Mansur, cunkoson masu sayen abinci ya tsayar da mu, sai na ji ta taɓa kafaɗar auta.

Ta ce, "Tambayi yayarki, yau na kiyaye?"

Auta ta dube ni ba ta tambaya ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Na ce, "Kin kiyaye, Inna."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta juya tana kallon taga.